Maganar Baki da Maganar Jiki: Darasi Daga Zango

(Kiɗan buɗe shiri: algaita da ganga. A rage sauti a hankali.)

Ina gaida iyayenmu na Birni a nan Damagaram, da mutanen Zango da Sabon Gari da Garin Malam, da duk wanda muryar nan ta iske a Mirriya, Matamai, Magariya, Gure da Tanut. Na kan tabarma, da ta bakin murhu, da ɗan kabu-kabun da ya tsaya shan inuwa, kowa ya matso kusa da akwatin rediyonsa.

Yau da kalma ɗaya zan fara, mai harafi biyu kacal. Ku kasa kunne, zan faɗe ta sau huɗu.

(Da sakin murya) To.

(A gajarce, murya a ɗaure) To!

(A ja ta) Tooo...

(Da sigar tambaya) To?

Ta farko, na yarda. Ta biyu, na ji amma raina bai so ba, kuma duk ɗan da aka taɓa aike da tsakar rana ya san irinta. Ta uku mamaki ne, labari ya zo mini ba zato. Ta huɗu kuwa cewa nake yi, ina jin ka, sai aka yi yaya? Ba wanda ya koya muku wannan a lakkwal, amma na tabbata ba wanda ya ruɗe a cikinku. To yanzu ku ɗauki waya ku rubuta wa wani "to". Wacce zai karanta a cikin huɗun nan? Zai karanta wadda zuciyarsa ta ba shi a lokacin. In da fushinku ya kwana, ta biyu zai gani, ko da ta farko kuka nufa.

Abin da ya kawo ni ke nan yau. Kalma kaya ce, amma ba ita kaɗai ke tafiya ba. Murya na rakiyarta, fuska na rakiyarta, hannu da tufafi da yadda mutum ya zauna duk suna cikin ayarin. Har shiru ma yana ciki, shi ya sa magabata suka ce kurum ma magana ce.

Harshenmu kansa a kan hawa da saukar murya ya ginu. Ku ji: wuya, wanda ake rataya wa laya, da wuya, wadda ba ta kisa. Kuka na jariri, da kuka ta miya. A takarda duk ɗaya suke, kunne ne ke raba su. Saboda haka ne ma kalangu ke iya magana da Hausa. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammatarsa ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka daidai da yadda kalmar ke hawa da sauka a baki. Mahauci na cikin rumfarsa, ba a kira sunansa ba, amma da ya ji takensu sai tsikar jikinsa ta tashi. Manomi ma haka yake da gangar noma.

(Ɗan gajeren kiɗan kalangu.)

Yanzu mu shiga Zango. Sunan unguwar ma ya faɗi aikinta, domin zango shi ne inda ayari ke sauke kaya. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884 kuma ya kewaye Birni da ganuwa, Damagaram ta zama mahaɗar hanyoyi. Birni na sarauta ne, Zango kuwa, a wajen ganuwa, na fatake. Buzaye na gangarowa daga Abzin da gishirin Bilma da dabino. Larabawan Gadamus da Tarabulus na zuwa da hajar hamada. Ga Barebari daga gabas, ga Kanawa da baƙin turkuɗi, ga Fulani da bisashe. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka garin nan a watan Disamba na 1852, ya iske shi cike da masu shiga da fita. A nan Zango ne attajiri irin Malam Yaro ya yi gidansa da fataucinsa.

Ku ƙirga harsunan da ke tashi a unguwa ɗaya: Hausa, Barbarci, Buzanci, Larabci, Fulatanci. Hausa ce harshen ciniki, amma ba kowane baƙo ke zuwa da ita ba. To mai masauki da zai karɓi mutumin da bai taɓa gani ba, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa a kasuwa, da me zai gane shi? Da ido yake fara karanta shi tun kafin a gama sallama. Zanen fuska ya gaya masa asali: dogayen tsagar Babarbare daban, ta Bagobiri da ke tashi daga gefen baki ta nufi kunne daban. Naɗin rawani ya gaya masa ko malami ne, ko basarake, ko falke. Shaidar da aka ɗora wa raƙumi da wuta ta gaya masa daga wane gida dabbar ta fito. Ba ina kiran a koma tsaga wa jarirai fuska ba ne, wannan al'ada tana ƙarewa kuma lafiyar yara ta fi. Amma mu san cewa kafin katin shaida ya zo, kakanninmu a fuska suke ɗauke da nasu.

Akwai wani abu a nan da nake so mu tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar zancen. Bahaushe in zai gaida babba, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Buzu in ya zo gaban surukinsa ko wani dattijo, sai ya ƙara jan rawaninsa sama, ya rufe baki da hanci, ido kaɗai ya bari. Bature kuwa, da ya zo daga baya, hularsa yake cirewa. Ɗaya ya tuɓe na ƙafa, ɗaya ya ƙara rufe fuska, ɗaya ya buɗe kai, kuma dukansu abu guda suke faɗi: na girmama ka. Wanda bai sani ba zai ce Buzun nan ɓoye fuska yake yi don rashin gaskiya, ko ya ce Baturen nan ba shi da kunya, ya tsaya gaban sarki kai ba hula. Alama ba ta zuwa da ma'anarta a goshi. Koyonta ake yi kamar yadda ake koyon harshe, kuma kowace ƙasa da nata. Mutanen Zango sun koyi wannan tun da wuri, don in ba su koya ba ciniki ba zai yiwu ba.

Har gobe darasin yana nan. Ku je Kasuwar Dole ranar Alhamis, ku tsaya wajen masu tumaki. Mai saye ya taya rago jika arba'in. Mai rago ya ce, "Albarka." Kalma mai daɗi, addu'a ce ma, amma ma'anarta a'a. Mu ba ma son jefa wa mutum "ban sayar ba" tsirara, sai mu naɗe ta cikin fatan alheri. Sannan sai ainihin cinikin ya koma ido. In ya ce albarka ya kawar da kai yana kallon wani wuri, tayin ya yi nisa da kuɗin. In ya faɗe ta yana shafa bayan ragon, yana satar kallon dillali, an kusa. Mai saye ya juya kamar zai tafi, yana taku a hankali, kunnensa na baya. Dillali ya riƙo hannun rigarsa. Daga ƙarshe a ce "na sallama", a haɗa hannu, kuma wannan haɗa hannun ya fi takarda ƙarfi a wurin. In ka rubuta kalmomin da aka furta a cinikin nan ba za su cika layi biyar ba, amma an yi rabin awa ana magana.

Kuma a irin wuraren nan ne za ka ji Bafillace ya ce wa Babarbare bawansa, ko Bagobiri ya yi wa Bazabarme tsiya, a kwashe da dariya. Baƙon da ya ji kalmomin kaɗai zai zaci faɗa za a yi. Fuska da murya ne ke shaida cewa wasan taubasai ne. Wannan wasa namu na Nijar, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014.

(Busar kakaki, a taƙaice.)

Wannan sautin ba sai na gaya wa Badamagare ko mene ne ba. Kakaki ba a busa wa attajiri shi, komai dukiyarsa. Na sarki ne. Tambari ma haka. A fadar Birni kusan komai magana ne: jan kaya da koren na dogarai, laima, wurin da kowane basarake ke zama, takalman da ake bari a waje, jinjinar da mahayi ke yi da dunƙulallen hannu ranar hawan salla. Sarki kansa ba ya yawan ɗaga murya. Amawali na rufe bakinsa, ka faɗi ka yi gaisuwa, fadawa su amsa maka cewa an gaishe ka. Ƙarancin maganarsa wani ɓangare ne na kwarjininsa. Abin da ke buƙatar a faɗe shi da ƙarfi kuwa, akwai masu faɗinsa: sankira, da maroƙa, da mawaƙa irin marigayi Ma'azu Ɗan Alalo, wanda muryarsa ta kai sunan Damagaram nesa. Ko bangon gidajen Birni da Zango, da zanen da magina suka fitar a jikinsu da zankwayen da ke kan soraye, suna gaya wa mai wucewa matsayin mai gidan. Matasanmu kuma sun nuna sun iya wannan karatun a wasan kara, inda yaro zai sa kaya ya yi taku irin na wani shugaba, jama'a su gane ko wa yake kwaikwayo bai ce uffan ba.

Amma makarantar farko ta wannan ilimi tsakar gida ce. Uwa na zaune da baƙi, an ajiye kwanon abinci, yaro ya miƙo hannu. Ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi masa, ya janye hannun ya fita. Wannan uwar kuma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba don ba ta son sa ba, kunya ce, kuma kowa ya san zurfin abin da ke ƙarƙashin shirun nan. Mace ta ce "maigida" ko "Malam" maimakon sunan mijinta. A aiko maka da goro, ka san ana gayyatarka suna ko ɗaurin aure. Ka ji guɗa ta tashi a maƙwabta, ka san alheri ya sauka. Ka ga mutum ya yi tagumi, ka cire masa hannu ka tambaye shi abin da ke damunsa. Ka miƙa wa babba abu da hannun dama, ko da hannu biyu, ka gama musabaha ka dafa ƙirji.

Ɗaya gefen kuma yana nan, kuma dole in faɗe shi. Tsaki, harara, zunɗe, gatsine, daƙuwa. Ba harafi ko ɗaya a cikinsu, amma aure nawa suka kashe, zumunci nawa suka raba? Mai yi yakan fake da cewa, "Ni me na ce?" Ba ka ce ba, amma ka yi, kuma wanda aka yi wa ya ji har cikin ƙashinsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa aibanta mutum da ido ko da hannu ko da leɓe yana cikin abin da Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kai a Suratul Humaza, kuma cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa akwai zancen karkatar da fuska ga mutane, da yanayin tafiya, da sassauta murya. Addini bai ɗauki maganar jiki wasa ba. Ni a ganina tsakin da yaro ya yi wa uwarsa bai fi zagi sauƙi ba, kuma uban da ke shiga gida kullum da ɗaurarriyar fuska yana gaya wa iyalinsa wani abu, ko da bakinsa "sannunku" yake cewa. In baki da fuska suka saɓa, fuska mutane ke gaskatawa. Labarin zuciya, a tambayi fuska.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa ina yaro. A ajinmu na firamare an yi ɓatan wani abu, mushe, wato malaminmu, ya tsayar da mu yana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina sai na sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mini a gida, don a gidanmu yaron da ya ƙura wa babba ido fitsararre ne. Shi kuwa a tarbiyyar boko da ya samu, wanda ya kasa haɗa ido da kai shi ne mai laifi. Ya ce in dube shi, na kasa. Aka hukunta ni a kan abin da ban ɗauka ba. Na daɗe da yafe masa, domin ba mugunta ba ce, karatu biyu ne suka ci karo a kan yaro ɗaya. Amma har yau abin nan yana faruwa. Yarinya ta zo gaban likita ta yi shiru tana wasa da bakin mayafinta, a ce ba ta da abin faɗi, alhali kunya ce ta hana ta ambaton inda ke mata ciwo. Dattijo daga ƙauye ya zo ofis ya tsuguna a bakin ƙofa don ladabi, a bar shi nan har a tashi, don ba wanda ya gane jira yake a ce masa bismilla. A tambayi budurwa ko tana son wane, ta yi shiru, a ce shirunta yarda ne, ba a duba ko shirun murmushi ne ko na hawaye ba. Fuska na ba da labari, gaskiya ne, amma sai ka san harshen da take yi, kuma in abin mai nauyi ne, sai ka bi da tambaya cikin lalama.

Wani ɗan ƙasar nan ya riga mu gane haka. Dorugu, yaro ne daga yankin Damagaram da aka kama bauta, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Barth har Tumbutu, sannan ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wani mai nazarin harshe, James Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, kuma cikin abin da ya bayar har da yadda ya ga Turawa na zaman cin abinci da yadda suke karɓar baƙi. Yadda suka zo suna kallonmu suna rubutawa, haka shi ma ya zuba musu ido ya karance su. Kuma har yau bambancin na nan. Bature zai buɗe tafin hannu, yatsu biyar a ware, ya nuna maka, yana nufin gaisuwa ko ka dakata. A nan wannan daƙuwa ce. A ƙasar Girka ma zagi ne. Matasanmu masu tafiya Libiya da Aljeriya da Kano da Legas, wannan ya shafe ku: in kun sauka baƙon wuri, ku riƙe hannunku, ku buɗe idonku tukuna.

Wataƙila wasunku sun taɓa ji a wajen taron horaswa ana cewa kashi 7 cikin 100 ne kawai na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Lissafin ya samo asali ne daga gwaje-gwajen wani masani a Amurka, Albert Mehrabian, a 1967, kuma a kan abu ɗaya ya yi su: yadda ake gane so ko ƙi idan kalma da murya da fuska suka saɓa. Shi da kansa ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa shi a kan kowace magana. Da haka ne, da ba ku fahimci komai daga gare ni ba yau, tunda ba ku ganina. Kalma tana da nauyinta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da hannu ne bakinsu gaba ɗaya, wato kurame. Maganar hannu da suke yi ba nune-nune ba ne kawai, harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, ana ba da labari da shi, ana gardama, ana barkwanci. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarin maganar hannu ta ƙasar Hausa, aikinta ya fito a 2000. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara don harsunan hannu. Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda har yanzu yara ke bin kurma a titi suna tsokana, manya na kallo suna dariya. Yaron da ba ya ji ba hankali ya rasa ba. Iyaye, kada ku ɓoye shi a ɗaki. Ku kai shi makarantar kurame, ku ma ku koyi hannun da zai yi muku magana da shi.

(Kiɗa a ƙasa-ƙasa.)

Mu dawo kan wayar da muka fara da ita. Ta rage mana nisa, ba mai musun wannan. Ɗan da ke Agadas yana jin muryar uwarsa a Zango kullum, kuma saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi karatun boko ba. Amma rubutaccen saƙo ba ya ɗauke da murya, saƙon murya kuma ba ya ɗauke da fuska, kuma 'yan hotunan dariya da kuka da ake liƙawa ba su cike gurbin ba. Na ga abokai a fada ɗaya ta matasa, suna shan shayi a buta guda, sun daina gaisawa saboda layi biyu da aka rubuta a WhatsApp da dare. Na kuma ga dattijo ya yi sallama a kan matasa, aka amsa masa ido na kan waya, ba wanda ya ɗago, balle ya gyara zama. Bakinsu ya ce "wa alaikumus salam", jikinsu ya ce ba mu da lokacinka, kuma na biyun ya tafi da shi gida.

Don haka ga roƙona. Ta'aziyya, da ban haƙuri, da neman sulhu, da zancen aure, da zancen bashi, in ƙafa za ta iya kai ku, ku taka ku je. In ba hali, ku kira a ji muryarku. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ofis, in yaro ko baƙauye ya sunkuyar da kai a gabanku, ku sassauta murya ku sake tambaya kafin ku yanke hukunci. Ku kuma matasa, yau da dare bayan isha'i, ku ajiye waya ku zauna gaban kaka ko kakanku, ku tambaye su taken gidanku da ma'anar zanen da ke fuskarsu, tun suna nan da za su gaya muku.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri.)